Shekarar da Na Auna Ƴan Mata a Sikeli

Ƴaƴana, kun taso kuna jin cewa Yaya Hajo ta zalunce ni, ta ƙwace ɗiyarta daga hannuna ta bar ni ni kaɗai. Ni na bar ku da wannan zance, don ya fi mini sauƙi. In ana biki a Jiratawa ba ku zuwa, in ƴaƴanta sun gaishe ku a kasuwa kuna amsawa da ƙyar, ni kuma ina gani ina yin shiru. Yanzu gwiwa ta gaji, ido ya fara hazo, Yaya kuma ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta. Bari in faɗa muku yadda abin ya faru, ko da girmana zai ragu a idonku.

Da na fita takabar babanku, danginsa suka kwashe ku zuwa Tsibiri wajen kakarku, kamar yadda aka saba. Ni kuma na zauna a ɗakin hayarmu na Sabon Gari a Maraɗi saboda aikina, ina koyar da ƴan mata kula da gida da abinci a kolej. Ban taɓa sanin ɗaki yana iya yin shiru haka ba. Sai in dawo daga lakwal, wato makaranta, in buɗe ƙofa, in tarar da tabarma inda na bar ta, moɗa inda na ajiye ta. In tuƙa tuwo in kasa cin rabi. Ran Lahadi in hau mota in je Tsibiri in gan ku, in dawo da la'asar. Matan gidan hayar suna da kirki daidai gwargwado, amma ni ƴar boko ce mai kaifin harshe, ba su saki jiki da ni ba, ni ma ban saki da su ba. Yaya Hajo ce ta gane halin da nake ciki ba tare da na buɗe baki ba. Wata Juma'a sai ga ta daga Jiratawa da kwandon zogale a ka, ɗiyarta ta fari, Barira, tana biye da ita da ɗan akwatin ƙarfe.

"Ga ta nan," in ji Yaya. "Ta ci jarrabawar shiga kolej, mu kuwa ba mu da kolej. Ki riƙe ta, ta ɗebe miki kewa. Abu guda nika roƙo, kar ki bar mini ita da yunwa. Na san ki, ke takarda kike ci ki kwana."

Barira doguwa ce siririya, kamar ni, kamar mahaifiyarmu. Duk danginmu haka muke, ko mun cinye rumbu ba a gani a jikinmu. Amma baki gare ta. Tana shara tana karanta darasi da ƙarfi, tana wanke-wanke tana kwaikwayon malamai ɗaya bayan ɗaya, har ni ba ta bari ba. Ta iya yadda nake ɗaga gira in ce "ke, fita mini daga aji", in ta yi sai in yi dariya har in riƙe ciki. Duk jarrabawa ita ce ta ɗaya a ajinsu. Shekara biyu muka yi haka, na koma cin abinci kamar mutum.

Lokacin kuwa ƙasa ba ta zauna ba. An yi babban taro a Yamai, jam'iyyu sun fito, kowane lungu da tutarsa. Yau malamai na yajin aiki, gobe ƴan lakwal, jibi kowa da kowa. Ana cikin haka darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, maganin farmasi ya gagari talaka, masu tallar ƙwayoyi a faranti suka cika gari, har bakin ƙofar lakwal ɗinmu, kusa da masu ƙosai da fanke. Da muka dawo daga wani dogon yajin aiki sai na ga ƴan matana sun sake kama. Fuska ta yi zagaye tana sheƙi, wuya ya yi kauri, ciki ya fito, ƙafafu kuwa suna nan sirara. Wasu ƙuraje sun feso musu, wasu suna gyangyaɗi tun darasin farko. Ku da kuka girma yanzu ba za ku gane ba sai na faɗa muku: a Maraɗi ta wancan lokaci, jikin budurwa shi ne shaidar gidansu. In ta cika, ubanta yana tsaye. In ta rame, to a gidan akwai magana. Da wahala ta shigo gari, kowa ya ƙara son ɗiyarsa ta cika, don kar a ce tukunyarsu ta mutu.

Akwai Madam Rahila, Kirista ce ƴar Tsibiri, infirmiya, wato ma'aikaciyar jinya, ita ke zuwa duba ƴan lakwal duk Alhamis. Mukan haɗu a motar Tsibiri, har muka saba. Ita na tambaya.

"Ba abinci ba ne," ta ce. "Ƙwayoyin nan ne na bakin ƙofa. Maganin asma ne da kumburi, likita kan ba da shi da awo, na kwanaki. Su kuwa sun mai da shi goro. Yana kumbura jiki, ya kawo ciwon sukari, ya cinye ƙashi. Wasu uwayensu ne ma ke saya musu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni kuma in raina ya ɓaci ba na tsayawa shawara, kun san halina. Na je wajen direkta, shugaban lakwal, na ce ina so in riƙa auna ƴan mata duk farkon wata, in nuna musu wadda nauyinta ya wuce misali, in koya musu cin abinci na hankali. Mutumin ko kallona bai yi ba, hankalinsa na kan ƴan lakwal da ke shirin fita zanga-zanga.

"Madam, yi abin da kika ga dama. Ni dai kar a fasa mini taga."

Na ari sikelin wani mai sayen gyaɗa a unguwarmu, irin mai faffaɗan ƙarfe da ake ɗora buhu, aka turo mini shi a kura. Ran Litinin na tara ajin su Barira, kowace ta cire takalmi ta hau, ina tura ma'aunin ina rubutawa. Da na gama sai na juya allo na jera sunaye da kilo. Na fara da wadda ta fi nauyi, don a ganina ita ce ke cikin hatsari, ita ya kamata a fara gani. Na ja jan alli a ƙarƙashin sunaye biyar na sama. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a lakwal ɗinmu duk abin da aka jera a allo daga sama zuwa ƙasa, sakamakon jarrabawa ne. Ta sama ita ce gwana, ta ƙasa ita ce abin dariya. Ni da kaina na yi shekara da shekaru ina jera musu sunaye haka. Ban gama ajiye alli ba na ji an rangaɗa guɗa a bayan aji. Zinatu, ɗiyar wani mai shagon atamfa, ita ce a sama. Ta miƙe tana juyi, ana tafa mata, ana cewa Zinatu ta ɗaya. Na daka tsawa, na ce jan layin nan gargaɗi ne, alamar ciwo ce. Suka yi shiru suna danne dariya. Na duba ƙasan allo, sai na ga sunan da na rubuta a ƙarshe. Barira ce. Yarinyar da ba ta taɓa ganin sunanta a ƙasa da layin farko ba.

Ran Alhamis Rahila ta shigo ta ga allon, don na hana a goge. Ta daɗe tana kallo.

"Goge wannan," ta ce. "Ki auna su ɗaya-ɗaya a ofis, kowace ta san nata. Kin buɗe musu gasa ba ki sani ba."

"Sai dai su gani su ji kunya," na ce.

"Wa zai ji kunyar? Duba wadda ke ƙasa."

Na ce ni malama ce, na san ƴan ajina, ita ta tsaya ga allurarta. Haka na faɗa mata, Allah ya yafe mini. Na ci gaba da abina. Na yi musu darasi a kan zogale da wake da rage mai, na sa su zagaya filin ƙwallo da gudu har uwaye suka fara aiko da ƙorafi, wai ina zubar musu da jikin ƴaƴa. Wata na biyu da na sake awo, kusan kowa ya ƙaru. Mai farantin bakin ƙofa har gaishe ni ya fara yi da fara'a, ni kuma ban gane dalili ba. A ɗakin malamai in na shiga sai hira ta tsaya. Na ji wata tana cewa, busasshiyar bazawara ce, baƙin ciki take yi da jikin ƴaƴan mutane.

Zance ba ya kwana a Maraɗi. Matan Jiratawa masu kawo zogale kasuwa suka kai wa Yaya labari cewa an auna ƴan lakwal a sikelin gyaɗa, ɗiyarta ce ta ƙarshe, kuma ƙanwarta ce ta rubuta da hannunta a gaban kowa. Ba a yi kwana uku ba sai ga wata maƙwabciyarta da kaya niƙi-niƙi: gero, man gyaɗa, man shanu a kwalba, dafaffen ƙwai. Ta sauke a tsakar gida, matan haya suna leƙe.

"Hajo ta ce in gaishe ki. Ta ce in babu a gidan, ba abin kunya ba ne, zamani ne. Ki hwaɗa mata, ta riƙa aikowa."

Wuta ta kama ni tun daga ƙafa. Na ce ta ɗauki kayanta ta mayar, ta faɗa wa Yaya ban kai ga bara ba tukuna. Matar ta yi ta ba ni haƙuri, na ƙi. Ta naɗe gammo ta ɗora kayan ta fita. Barira na tsaye a bakin ɗaki tana kallon kwalbar man shanun uwarta tana fita daga gidan.

Daga ranar bakinta ya mutu. Ta daina karatu da ƙarfi, ta daina kwaikwayon malamai. Sai mu ci abinci babu mai magana, cokali kaɗai ake ji. Shirun da na gudu daga gare shi ya dawo, wannan karon mu biyu ne a ciki. Sannu a hankali kuma ta fara cika. Kumatu suka fito, rigunanta suka matse. Wata na uku na matsar da sunanta sama da layi huɗu, wata na huɗu ta kai tsakiyar allo. Da hannuna nake rubutawa. Ni da nake gane fuskar ƙwaya daga nesa a kan ƴaƴan mutane, sai na ce wa kaina girma ne ya zo mata. Gaskiyar magana, daɗi nake ji. Ina cewa a raina, to Yaya, sai ki zo ki ga yunwar.

Ana saura kwana goma Sallar Layya, da hantsi, Barira ta tafi ɗebo ruwa a famfo. Na buɗe akwatinta ina neman allura. A ƙarƙashin littattafai na ga ɗankwali an ƙulle bakinsa. Na kwance. Ƙananan ƙwayoyi ne farare, cike da tafin hannu. Na san su sarai. Na zauna a bakin gado da su a hannuna. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in jira ta, in kama hannunta, mu tafi wajen Rahila. Amma sai na tuna za mu Jiratawa da Sallah. Na hango Yaya tana duban yarinyar daga sama har ƙasa, ga mata cike da gida. Na ce a raina, kwana goma ne kawai. Bari ta je gida a cike, a rufe bakin mutane, in mun dawo sai in yi maganin abin. Na ƙulle ɗankwalin, na mayar da shi ƙarƙashin littattafai, na rufe akwati. Da ta dawo da ruwa na ce mata sannu. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Rahila.

Muka je Sallah. Yaya ta fito daga madafa, ta tsaya, ta dubi ɗiyarta. Kun san ƴar fari ba a nuna mata so a gaban mutane, ko sunanta Yaya ba ta kira, sai dai ta ce "waccan" ko "ɗiyar nan". Amma ranar na ga fuskarta ta washe. Ta wuce ta gefen yarinyar kamar ba da gangan ba, ta ɗan matsa damtsenta. Sannan ta juyo gare ni.

"To, ƙanwata, kin fita kunya. Ki yahe mini, na zarge ki a banza."

Ta zuba mini nama mafi kyau, ta sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Mata suna ta shigowa suna cewa Maraɗi ta karɓi Barira. Na zauna a tsakiyarsu ina amsa yabo, ina cin nama. Rabon da a yi mini irin wannan karɓa tun babanku yana da rai, kuma na ji daɗinta har cikin raina.

Ranar da muka dawo na buɗe akwatin a gaban Barira, na ɗauko ɗankwalin, na yi kamar yau na fara gani. Na zage ta tas. Na ce ta kunyata ni, ni da nake yaƙi da abin nan a lakwal ashe a ɗakina yake kwana. Na kai ƙwayoyin masai na zuba, na ce in na sake ganin ko guda ɗaya sai na karya ta. Ta dube ni wani irin duba, ta sunkuyar da kai. Ban je wajen Rahila ba, don ba na so ta ce ai ta faɗa mini. Washegari Barira ta tashi jiki a mace. Na ce lalaci ne. Rana ta biyu ta fara amai, ko ruwa ba ya zama. Na ce naman Sallah ne. Rana ta uku da safe ta miƙe za ta yi alwala, sai kawai ta sulale a tsakar gida, idonta ya juye. Matan hayar nan da nake raina wa wayo su suka ɗauke ta, su suka tsayar da mota, ni ina tsaye kamar an dasa ni.

A gidan likita aka sa mata ruwa. Na aika aka kira Rahila, ta zo da gudu, ta ja ni gefe ta tambaye ni abin da yarinyar ta sha. Na faɗa mata rabin gaskiya, na ce na ga ƙwaya na zubar.

"Duka? Rana ɗaya?" Ta kama kai. "Wanda ya daɗe yana shan maganin nan ba a yanke masa shi haka, a hankali ake ragewa. Jiki ya saba, in ka tsayar kwatsam yana iya kashe mutum. Me ya hana ki tambaye ni?"

Ta ruga ta faɗa wa likita, aka sake mata magani. Kwana biyu ba mu san inda za ta faɗa ba. Yaya ta iso da zanen aikin lambu a jikinta, ƙafa duk laka. Ta durƙusa a bakin gadon, a gaban likita da mutane, ta kira sunan da ban taɓa jin ta kira ba. Barira, Barira, ta yi ta faɗa. Da yarinyar ta buɗe ido a rana ta uku, Yaya ta fito waje inda nake zaune. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke kika auna ta kamar buhu, kika rubuta ta a ƙasan kowa. Na aiko da abinci kika mayar. Ta shiga shan guba a ɗakinki wata da watanni, ke mai ilimi, ba ki gani ba. Ba zan ce kin yi da gangan ba. Amma ba za ta sake kwana a hannunki ba."

Iyakar abin da ta faɗa mini ke nan, kuma ko kalma ɗaya babu ƙarya a ciki, sai dai "ba ki gani ba". Har ta koma ga Allah tana zaton ban gani ba. Ta yi fushi, amma shekara ba ta zagayo ba ta aiko a gaishe ni. Ni ce na ƙi zuwa Jiratawa, don ba zan iya haɗa ido da yarinyar ba, sai na bar ku kuna cewa Yaya ce ta yanke zumunci. Barira ba ta koma lakwal ba. An ce za ta koma in ta warke, sai shekarar ta lalace da yajin aiki, daga baya kuma ƙugunta ya fara ciwo, likita ya ce maganin ya taɓa ƙashi. Ita ce matar nan mai sanda da kuka gani a jana'izar Yaya, wadda ta kawo muku ruwa kuna kau da kai. Da ta ci gaba da karatu, ban san inda za ta kai ba. Sikelin na mayar wa mai shi, allon kuma wani malami ya goge ya rubuta lissafi. Na koma ɗakina na Sabon Gari, na ƙara shekara takwas a ciki ni kaɗai kafin ku dawo hannuna. Ina so ku je Jiratawa ku gaida Barira tun ina da rai, ku kira ta Yaya, don yayarku ce.

Ranar da aka sallame ta daga gidan likita na raka su tasha, ita da Yaya. Ta zabge, fatar hannunta duk ta saki. Yaya ta tafi neman wuri a mota, aka bar mu mu biyu a kan benci, akwatin ƙarfen a tsakaninmu.  Na ce ta riƙa shan magani yadda likita ya tsara. Ta ce to. Can sai ta yi magana, a hankali, idonta a ƙasa.

"Inna, na san kin gan su tun kahin Sallah. Ƙullin da kika yi wa ɗankwalin ba irin nawa ba ne."

Na dubi akwatin da ke tsakaninmu, ita kuma ta ci gaba.

"Da na ga kin mayar, sai na ɗauka kin yarda. A da guda ɗaya nike sha. Daga ranar na koma biyu, don in je gida ki fita kunya." Ta goge hanci da bakin mayafi. "Ba zan hwaɗa wa Iya ba. Kar ki damu."

Yaya ta kira ta daga cikin mota. Ta miƙe da ƙyar, na kai hannu zan ɗaukar mata akwatin, ta ce in bari, ba shi da nauyi.